Jifan Tsira

Ranar Lahadi bayan la'asar, idan zafin Kwatano ya sassauta iskar teku ta fara kaɗowa, ɗan yayata da abokansa huɗu sukan shimfiɗa tabarma a barandar gidanmu da ke Kajehun su baje takardu. Jifa-jifa jirgi yakan taso daga filin da ke bayan unguwa ya haɗiye musu magana, su yi shiru har ya wuce, sannan su ɗora. Da fari na ɗauka karatun jarrabawa suke yi, tunda dukkansu ɗaliban jami'ar Abomey-Calavi ne. Sai ran nan na ji ɗayansu ya dafe kai yana salati, wai boka ya kama masa hankali. Na leƙo da sauri. Babu boka babu dalilinsa, sai wata 'yar ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska ashirin, tana kwance a tsakiyar tabarma da lamba 4 a samanta.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Tatsuniya ce da ake haɗa baki a yi: mutum ɗaya yana jan labari, sauran kuwa kowa da gwarzonsa a takarda, an auna masa halittarsa da lambobi shida, wato ƙarfin damtse, zafin nama, juriyar jiki, kaifin ƙwaƙwalwa, hankali da kwarjini. Duk abin da gwarzo zai yi wanda ke iya yiwuwa ko ya ƙi, ƙwaya ce ke raba gardama. Na san malamanmu na Zongo ba sa kallon ƙwayar jifa da mutunci, kuma suna da hujjarsu. Ni dai na tabbatar ba a aza ko dala ba, sauran na bar wa masu ilmi.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wanda ya yi jifan. Na ce wa yaron, to ai boka ne ya yi asirin, me ya sa wanda aka yi wa ne ke jefa ƙwaya?

Ya ce, "Kawu, ai ka'idar ke nan. Shi boka ya riga ya gama nasa. Ƙarfin asirinsa lamba ce a tsaye, kamar katanga. Wanda aka jefa shi ne zai yi ƙoƙarin tsallakewa."

Da Faransanci suna ce wa abin jet de sauvegarde, ni kuwa na raɗa masa jifan tsira. Ga yadda lissafin yake a bugun 2014, wanda suke bi. Tsawon katangar boka shi ne 8, a ƙara ƙwarewarsa, a ƙara baiwarsa. Sabon boka mai kaifin kai yakan tashi da 13. Wanda aka yi wa asirin zai jefa ƙwaya, ya ƙara abin da halittarsa ta ba shi a fannin da asirin ya nufa. In wuta aka turo masa, zafin namansa ake dubawa. In guba ce, juriyar jikinsa. In kuwa zuciyarsa ake son juyawa, sai a duba hankalinsa. Idan jimillar ta kai 13 ya tsira. Mutumin da ba shi da ƙarin komai yana da fuska 8 cikin 20 da za su fisshe shi, kashi 40 cikin ɗari ke nan. Wanda aka shaida da hankali, mai ƙarin 5, yana da fuska 13, kashi 65. Na sake ƙirgawa da yatsu don kada yaro ya yi mini wayo. Haka ne. Mai hankalin nan da ake nunawa a unguwa, cikin jifa ashirin, sau bakwai zai faɗi. Sakaran nan da ake yi wa dariya, sau takwas zai haye.

Na koma ɗaki na kasa kallon labarai, domin lissafin ya taɓo mini wani miki da na yi shekaru ina rufewa.

Mu 'yan albasa ne tun daga kakanmu. A da kaya kan taso daga Galmi, su ƙetare gadar Gaya zuwa Malanbil, su gangaro ta Faraku har rumbunmu a kasuwar Dantokpa. Bayan rasuwar mahaifinmu ni na riƙe littafi, ƙanena, autan Inna, ya riƙe rumbu da 'yan dako. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Masu saye daga Ikko suka ɗauke ƙafa, albasa kuwa ba ta san jira ba, tana kwance tana tsiro tana ruɓewa. A cikin wannan hali wani mutum ya bayyana. Dattijo ne mai tsabta, farar shadda, sahun gaba a masallaci, ga iya gaisuwa. Ya ce yana da hanya a tashar jiragen ruwa, akwai kwantenar tayoyi da mai ita ya kasa fansa, za a sayar a rabin kuɗi. Auta ya kwashe sefa miliyan huɗu daga jarin gida, a kashi uku, ya damƙa masa. Daga ranar da ya karɓi kashi na uku ba a sake ganin ko ƙurarsa ba.

Aka yi zaman gida. Inna ta ce asiri ne, ba ta da shakka. Ta ce tun ranar da mutumin ya shafa wa ɗanta turare a hannu ta ga idonsa ya sauya, yaron da ba ya sayen buhu sai ya zazzage shi ƙasa. Ƙannen mahaifinmu biyu suka goya mata baya, aka kawo labaran shashatau da mallaka, da na wane da aka yi wa kurciya ya bar gari ko takalmi babu. Ni kuwa na miƙe na ce babu wani asiri, kwaɗayi ne, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Na karɓe makullin rumbu a gaban matarsa. Yana zaune kansa a ƙasa, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, wallahi ban san yadda aka yi ba." Na ce ai ni na sani.

Yanzu da nake duba zaman nan da idon wasan yara, sai na ga ni da Inna kuskure iri ɗaya muka yi, kowa ta ƙofarsa. Inna ta ƙwace ƙwayar daga hannun ɗanta: a wurinta asiri in ya fito ya ci, wanda aka jefa ba shi da jifa, don haka ba shi da laifi. Ni kuma na ce babu ƙwaya sam, lambar da ke takardar mutum ita ce komai, wanda ya faɗi halinsa ne ya kayar da shi. Kowannenmu dalili guda yake nema, domin dalili guda ya fi daɗin riƙewa. Ba ina nufin in yanke hukunci a kan ko turaren nan yana da wani abu a ciki ba. Mu da muka tashi a ƙasar da ta keɓe rana a watan Janairu don bikin Vodun, muka kuma taso daga gidajen da ake ɗinka wa jariri laya tun kafin ya yi haƙori, mun ji labari iri-iri. Ko turare ne, ko zaƙin baki ne da sanin inda mutum yake ciwo, abu ne da wani gwani ya shirya ya jefo, kuma yana da tsawon katangarsa. Tambayata tana kan wanda aka jefa.

Ga abin da ban faɗa a zaman ba. Wata biyu kafin dattijon ya je wa Auta, ni ya fara zuwa wa. Bayan sallar Juma'a a babban masallacin Zongo ya kama hannuna, muka taka tare har bakin titi. Ya ambaci mahaifina da alheri, ya ce sun taɓa haɗuwa a Malanbil. Maganar kwantenar ba ta fito ba sai a haɗuwa ta uku, kuma da ta fito ni na roƙe shi kada ya ba wani. Na yi masa alkawarin miliyan biyu ranar Litinin. Ranar Asabar wanda zai biya ni bashi daga Faraku ya bugo waya ya ce motarsa ta lalace a hanya, sai wani mako. Cikin wannan makon na kwanta zazzaɓi. Da na tashi, abin ya sake ni kamar yadda maye ke sakin mutum, na ji kunyar kaina, na daina ɗaukar wayarsa. Ban gaya wa kowa ba, har matata.

Ina hankalina a cikin wannan labari? Motar wani ce ta mutu, sauro kuma ya cije ni. Ƙwayata ta faɗa a kan 17, na ɗauki abin na rataya a wuya kamar lambar yabo, har na tsaya a gaban dangi ina auna ƙanena da ita. Wanda ya tsira ba ya iya rarrabe nawa ne nasa nawa ne na ƙwaya, domin jifa ɗaya ya gani, kuma ta yi masa kyau. Wannan ya sa shaidar wanda ya tsira a kan wanda ya faɗi take da rauni, ko da shi mai gaskiya ne. Balle ni da na ɓoye rabin labari.

Da na koma wa yaran a Lahadi ta gaba da tambayoyi, sai na tarar masu tsara wasan sun yi tunanin abubuwan da ni ban yi ba a zaman gida. Akwai asirin da ke sa mutum ya ɗauki boka aminin arziki har tsawon awa guda, kuma idan ya sake shi yakan gane an yi masa. Ka'idarsa ta ce idan kana cikin faɗa da bokan, ƙwaya biyu za ka jefa ka ɗauki babbar. Ma'ana, asirin ya fi cin wanda bai ɗaura gaba da kowa ba. Auta mutum ne mai yarda da mutane. Wannan halin ne ya sa manoman Galmi suke ba shi kaya bashi da baki kawai, shekara da shekaru muna cin albarkacinsa, ba wanda ya kira shi wauta sai ranar da ya ci mu. Akwai kuma akasin haka: gwarzon da gajiya ta yi wa yawa, biyu zai jefa ya ɗauki ƙaramar. Mai kashi 65 ɗin nan, in ya shiga wannan hali, sai ya dawo kusan 42. Mutum ɗaya ne, takardarsa ba ta sauya ba, amma an same shi a mugun lokaci. Auta a watannin nan shi ke tsaye a rumbu kullum yana shaƙar warin asara, shi 'yan dako ke bi da kuɗin aiki, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Ni ina gida da littafi da fanka.

Kada mai karatu ya ce na koma layin Inna. Ban koma ba, kuma wasan ma bai yarda in koma ba. Tazarar da ke tsakanin 40 da 65 ba ƙarama ba ce. A jifa ɗaya ba ta bayyana, amma rayuwa ba jifa ɗaya ba ce, kuma wanda ya raini hankalinsa, ya saba tambaya, ya saba cewa bari in kwana a kai, zai fi tsira a tsawon shekaru ko da ya faɗi yau. Abin da ke takardar nan mutum ke gina shi, kuma ana tambayarsa a kansa. Sannan akwai wani asirin a wasan, mai sandarar da mutum, wanda ka'ida ta ba wanda ya kamu damar sake jifa a ƙarshen kowane zagaye. Faɗuwar farko ba ta rufe ƙofa. Auta sau uku ya kai kuɗi. Kafin kashi na biyu an ɗaga ranar fitar da kaya. Kafin na uku an ce masa kada ya gaya wa yayansa, wai don kada baki ya shiga. Duk ɗan kasuwar da aka ce wa ɓoye wa abokin jarinka ya san an miƙo masa ƙwaya ya sake jefawa. Na farkon ina iya yafe masa shi kamar yadda nake so a yafe mini nawa. Na ukun yana da kaso a ciki, kuma shi ma ya sani. Malamanmu na tauhidi sun daɗe da wannan magana, cewa Allah ke halitta bawa kuma yana da abin da ya tsiwurta, kuma ba su taɓa cewa ɗaya ya soke ɗaya ba. Mu ne a zaure muke gajiya da riƙe biyun, sai mu yar da guda.

Wani abin da muke yi, wanda ya fi wannan muni, shi ne mu mayar da kamuwa shaidar raunin imani. Ka ji ana cewa da yana azkar da ba a same shi ba. Neman tsari wajibi ne, Falaƙi da Nasi ba don ado aka saukar da su ba. Amma ruwaya tana nan cikin Bukhari da Muslim cewa wani mai suna Labidu ɗan A'asamu ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sihiri, har abin ya taɓa shi na ɗan lokaci kafin Allah ya yaye. In haka ta faru ga fiyayyen halitta, da wane baki zan ce wa ɗan albasa kamuwarsa ta nuna ba ya tsare sallah? Haka 'yan tauri ma, da suke wasa da wuƙa a bainar jama'a, kowa ya san akwai ranar da ƙarfe kan ci, sai a ce ya karya sharaɗi. Ko yaushe muna da bayanin da zai mayar da laifi kan wanda ya zubar da jini, domin in ba haka ba sai mu yarda cewa mu ma ana iya samunmu.

Maƙwabcina Bafone, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya tsaya kallon yaran wata rana ya yi dariya, ya ce ai Fa ce ta Turawa. Bokonon, mai duban Fa, yakan jefa sarƙa mai ɓawo takwas, kowane ya faɗi a buɗe ko a kife, alama ɗaya ta fito cikin 256. Mu ma muna da bugun ƙasa da gidajensa 16. Na ce masa da bambanci. A can gwani ke jifa a madadinka don ya gaya maka abin da ke tafe. A nan kai ake miƙa wa ƙwayar, bayan abin ya riga ya iso. Ɗan yayata ya sa baki ya ce ba kullum haka take ba: a bugun 2008 an juya ka'idar, boka ke jifa, wanda aka nufa yana tsaye da lambar kariyarsa kawai, sai a 2014 aka mayar da ita yadda take. Ya ce lissafin kusan ɗaya ne, amma zaman tabarma ba ɗaya ba ne. In boka ya jefa ya ci, sai a ce kai, wannan boka mugu ne. In kai ka jefa ka faɗi, kowa kai zai kalla.

Wannan magana ta yaro ta fi duk sauran zama mini. A zaman gidanmu, awa uku muka yi, ba a yi minti biyar a kan ɓarawon ba. Mutumin da ya yi watanni yana sahun gaba don ya gina amana, ya binciko sunan mahaifinmu da garin da yake sauka, ya auna wa da ƙane ya ga wanda ya fi taushi a wane wata. Wannan gwanintar mugunta ce, kuma katangarta doguwa ce. Amma da yake ƙwayar a hannun Auta muka gan ta, shi muka tasa a gaba. Haka muke yi wa yarinyar da aka yaudara, da yaron da aka ja zuwa ƙwaya ta sha, da tsohuwar da aka kira a waya aka kwashe mata kuɗi. Tambayarmu ta farko kullum ita ce, ke ma me ya kai ki?

Akwai wani gwarzo a wasan, jarumi mai rantsuwa, wanda idan ya kai mataki na shida duk abokin tafiyar da ke tsaye kusa da shi, cikin taku goma, wajen mita uku, yana samun ƙari a kan kowane jifan tsira. Ba sai jarumin ya yi komai ba. Sharaɗin kawai ya kasance a kusa, kuma a farke. Da yaron ya karanta mini wannan sai na tashi na shiga bayi, don kada su ga fuskata. Kalma biyar daga bakina, in ce wa Auta mutumin nan ka kiyaye shi, da ta wadatar. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Ni nawa gemun ne ya fara kamawa, na kashe a ɓoye, na bar nasa a bushe, don kada a ce Yaya ma an kusa. Girman da nake karewa a ranar nan ya ci mana miliyan huɗu, ya kuma ci wa ƙanena shekaru yana sayar da katin waya a bakin titi, yana gaishe ni a tsugune kamar baƙo.

A wasan, ko wanda ya tsallake asirin wuta yakan ƙone rabi. Na daɗe ina ƙirga kaina cikin waɗanda suka fita ba tabo.

Ranar wata Talata na hau zem na tafi inda yake. Na ce ya rufe teburinsa mu je Dantokpa. A cikin rumbu, kan buhunan da aka sauke da asuba, na gaya masa komai, tun daga hannun da aka kama a ƙofar masallaci har motar da ta mutu a hanyar Faraku. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Yaya, miliyan biyu ka ce za ka ba shi?" Na ce biyu. Ya ce, "Ni da ɗaya na fara." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

Na miƙa masa makullin. Bai karɓa nan take ba, sai da ya tambaye ni ko zan maimaita wannan magana a gaban Inna da matarsa, tunda a gabansu aka karɓe. Na ce zan yi. Ya sa makullin a aljihu, ya tashi ya zazzage buhun farko a ƙasa yana tsince masu tsiro. Littafin kuɗi har yau yana hannuna, shi ya ce a bar shi haka, amma duk abin da ya haura jika ɗari biyar sai mun sa hannu mu biyu. Zaman da na yi alkawari an sa shi bayan sallar Juma'a mai zuwa, kuma Inna ta riga ta aiko a tambaye ni ko lafiya.